Ladabin Baraden Turai: Wa Ya Rufa wa Asiri, Wa Ya Bari a Rana?



Mai girma shugaban wannan zama, Allah ya ƙara girma.    

Maudu'in da aka ba ni shi ne ma'ana da ƙa'idojin jarumta na baraden Turai, wato mahayan nan masu sulke da suka riƙe fagen fama a Faransa da Ingila da Jamus da Sifen tun daga wajen ƙarni na 11 har zuwa na 15. Yawancinmu a fim muka san su: namiji cikin ƙarfe, kan farin doki, ba ya ƙarya, ba ya dukan wanda ya faɗi, kullum yana hanyar ceton wata baiwar Allah da aka zalunta. Abin da nake son nunawa yau shi ne, ladabin nan ba tatsuniya ba ne. An yi aiki da shi, har akwai sarkin da ya koma hannun maƙiyansa da ƙafarsa saboda shi. Sai dai inuwarsa gajeriya ce. Ta rufe barde da ɗan'uwansa barde, ta bar jama'a masu yawa a rana. Zan bi batun ta fuskoki bakwai, wasu zan daɗe a kansu, wasu kuwa sai dai mu gaisa mu wuce.

Na ɗaya: wane ne barde?

Kafin maganar hali, mu fara da maganar dukiya. Barde yana buƙatar ingarman yaƙi, wanda ba a hawansa sai ranar fama, da dokin tafiya, da na ɗaukar kaya, da yaran da za su kula da su. Yana buƙatar sulke, wanda maƙeri ke saƙawa zobe-zobe har dubbai, da kwalkwali, da garkuwa, da takobi, da dogon mashin da ake maƙalewa a hammata a sako doki a guje. A ƙarni na 15 aka koma rigar ƙarfe ta faranti-faranti, mai nauyin kilo 20 zuwa 25. Wa ke da halin wannan? Sai mai ƙasa, ko wanda mai ƙasa ya ɗauki nauyinsa. Shi ya sa tsarin ya tsaya a kan caffa. Barde zai durƙusa, ya sa tafukansa cikin tafukan ubangidansa, ya yi rantsuwa. Ubangida ya ba shi gandu tare da talakawan da ke noma shi, shi kuma ya biya da fita yaƙi, bisa al'ada kwana 40 a shekara.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah, ya ga 'yan sulke da 'yan lifidi sun wuce, ya san mutum ɗaya a kan sirdi yana nufin mutane da yawa a ƙasa: mai yankan ciyawa, mai dusa, zagi, shamaki. To, haka abin yake a can.

Ɗan babban gida akan tura shi gidan wani basarake tun yana ɗan shekara bakwai ya koyi hidima da zama da manya. Wajen shekara 14 ya fara riƙe wa wani barde garkuwa yana binsa sansani. Wajen 21 a ɗaura masa takobi. A cikakken biki yakan yi wanka, ya kwana a coci yana addu'a takobinsa na kan bagadi, da safe a ɗaura masa kaimi, sannan mai naɗin ya ba shi duka ɗaya a wuya don kada ya manta ranar. A farko ƙofar ba ta rufe sosai ba, jarumi marar asali yakan shiga. Amma a 1186 Sarkin Jamus Frederick Barbarossa ya kafa doka cewa ɗan manomi da ɗan limamin coci ba su da damar ɗaura ɗamarar barde. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu: ina kundin dokokin yake?

Babu shi. In ka shiga intanet za ka tarar da wasu "dokoki goma na barade", an jera su tsaf: ka bi coci, ka kare rarrauna, kada ka ja da baya, da sauransu. Wanda ya jera su wani masanin Faransa ne, Léon Gautier, a littafin da ya fitar a 1884, shekaru ɗaruruwa bayan an rataye sulke. Babu barden da ya taɓa haddace su.

Abin da ake da shi al'ada ce da hannu uku ke ja. Ubangida yana son barde mai biyayya. Coci yana son barde mai tsoron Allah. Mawaƙan fada da matan manya suna son barde mai fara'a da iya magana. Daga wannan ja-in-ja aka sami halayen da littattafan zamanin ke yawan ambata: bajinta a fagen fama, riƙon amanar ubangida, kyauta, ladabin zaman fada, da ɗabi'ar ɗa, wato wanda ba bawan kowa ba. In ka auna su a sikeli, bajinta ta rinjayi sauran. Geoffroi de Charny, barden Faransa da ya rubuta littafinsa wajen 1350, duk ma'auninsa shi ne wanda ya fi aikata bajinta ya fi daraja. Kyauta kuwa ba ado ba ce. Basaraken da ba ya raba dawaki da riguna, baradensa sai su watse su bar shi da tuta.

Wani kuma, Ramon Llull na tsibirin Mayorka, wanda ya koyi Larabci har ya je Tunis yana muhawara da malamai, ya rubuta nasa wajen 1275. Ya ba kowane makami ma'ana: mashi gaskiya ne don miƙewarsa, kwalkwali kunya ne, kaimi himma. Ya ce aikin barde ya kare gwauraye mata da marayu. Madalla. Amma a cikin littafin nan dai ya ce wajibi ne talakawa su yi noma da kaftu don barde da dabbobinsa su ci su ƙoshi. Bai ga wani karo tsakanin maganganun biyu ba.

Na uku: ƙoƙarin coci na sa wa barde linzami.

Me ya sa malaman coci suka damu da halin barde? Don su ma sun sha a hannunsa. A ƙarshen ƙarni na 10 ikon sarkin Faransa bai wuce kewayen Faris da nisa ba. Kowane mai ganuwa da mahaya ashirin sarkin kansa ne. A 989 shugabannin coci suka taru a Charroux suka yi shelar tsinuwa a kan duk wanda ya fasa coci, ko ya bugi limamin da ba ya ɗauke da makami, ko ya kwashe wa manomi tunkiya ko sa ko jaki ko akuya. Jama'a, ba a kafa doka a kan abin da ba a yi. In ka ji an hana satar jaki, to ana satar jaki. A 1027 aka ƙara da hana faɗa daga yammacin Asabar zuwa safiyar Litinin, daga baya aka faɗaɗa daga yammacin Laraba, har da lokutan azuminsu.

Da linzami ya ƙi kamawa sai aka juya akalar waje. A 1095, a Clermont, Fafaroma Urban na II ya kira barade su daina cin juna su nufi Ƙudus. Wajen 1119 aka kafa ƙungiyar baraden Haikali, mayaƙa masu rantsuwar zuhudu, ba aure, ba dukiyar kai. A 1130 coci ya haramta gasar barade, ya ce wanda ya mutu a cikinta ba za a binne shi a maƙabartar coci ba. Kun san abin da barade suka yi? Suka ci gaba da gasarsu. Sai a 1316 Fafaroma John na XXII ya gaji ya ɗage hanin.

Na huɗu: fansa, wadda a ganina ita ce zuciyar lamarin.

Nan zan ɗan zauna, shugaba ya yi mini haƙuri.

A 1119 Sarkin Ingila Henry na I da Sarkin Faransa Louis na VI suka gwabza a Brémule. Marubucin tarihi Orderic Vitalis ya ce barade wajen 900 ne suka shiga fagen, uku kacal suka mutu. Uku! Dalilan da ya bayar su ne sulke ya kare su, sannan sun san juna, kuma hankalinsu ya fi karkata ga kamu bisa ga kisa. Bayan yaƙin Henry ya mayar wa Louis dokinsa da sirdi da linzami. Wannan karamci ne, ba musu. Amma mu tambayi kanmu: me ya sa kamu ya fi kisa? Gawa ba ta biyan fansa. Barden da ka kama, dokinsa naka ne, sulkensa naka ne, danginsa kuma za su tara kuɗi su karɓe shi. Gobe in kai ka faɗi, haka za a yi maka. Tausayin nan tamkar adashe ne: wanda ke zubi shi ke kwasa.

Babu wanda ya nuna wannan kamar William Marshal. An haife shi wajen 1147, ɗa na huɗu ga wani basarake matsakaici, ba shi da gadon ko taki ɗaya. Yana ɗan shekara biyar ubansa ya ba da shi jingina ga Sarkin Ingila Stephen, sannan ya karya alkawari. Da aka ce za a rataye yaron, uban ya aiko da cewa ba komai, yana da halin haifar waɗanda suka fi shi. Sarkin ne ya ji tausayi ya ƙyale shi. Yaron nan ya tashi ya yi arziki da gasa. Kada ku ɗauka gasar zamaninsa irin ta fim ce, mutum biyu da shinge a tsakani. Runduna biyu ce ake saki a fili mai faɗin mil da yawa, tsakanin garuruwa biyu, da makamai na gaske, a tattake gonaki, kowa na neman wanda zai kama ta linzami ya ja shi gefe. Marshal ya haɗa jari da wani barde, Roger de Gaugi, cikin wata goma suka kama barade 103, akwai magatakardan da ke rubuta lissafin. Wata rana aka zo ba shi kyautar gwanin gasa aka rasa shi. Can aka same shi a maƙera, ya ɗora kansa a kan uwar maƙera, maƙeri na ta bugun kwalkwalin da ya lanƙwashe ya ƙi fita.

To, ga ɗaya fuskar mutumin. A 1189 yana kare bayan tsohon Sarkin Ingila Henry na II, wanda ɗansa Richard ya yi wa tawaye yana fafararsa. Richard ya sako doki ba sulke a jikinsa, sai ga shi gaba da gaba da Marshal. Mashi na hannun Marshal, ba abin da zai hana. Sai ya soke dokin ya bar mahayin. Ba a yi wata guda ba Henry ya rasu, Richard ya hau gado. Me ya yi wa mutumin da ya kayar da shi? Ya tabbatar masa da auren Isabel de Clare, magajiyar ƙasashe masu faɗi a Wales da Ailan. Richard ya gane wanda ya riƙe amanar uba har ƙarshe zai riƙe ta ɗa. Marshal ya yi wa sarakuna hidima bi da bi, ya zama mai riƙon ƙasa ga yaro Henry na III, yana da shekara wajen 70 ya ja runduna a Lincoln a 1217. Da ajali ya matso a 1219, aka tuna masa koyarwar coci cewa sai ya mayar da abin da ya ƙwace, sai ya ce ya kama barade 500, ba shi da yadda zai mayar, kuma malaman sun cika tsanani. Ga shi nan kwance a cocin Haikali da ke Landan har yau.

Alkawari kuwa nauyinsa ya kai inda ba ku zato. Tsarin fansa ba ya tafiya sai da shi, don sau da yawa sakin fursuna ake yi ya tafi gida ya tattaro kuɗin bisa kalmar bakinsa. A yaƙin Poitiers, 1356, Ingilishi suka kama Sarkin Faransa Jean na II. Da dare Yarima Edward, ɗan Sarkin Ingila, wanda ake kira Baƙin Yarima, ya tsaya da kansa yana yi wa fursunansa hidimar abinci. Yarjejeniyar 1360 ta yanke fansarsa zinariya miliyan uku. Aka sake shi, aka riƙe wasu manya jingina, cikinsu har da ɗansa Louis. A 1363 ɗan ya gudu. Sarki Jean ya ce an zubar masa da mutunci, ya hau jirgin ruwa ya koma Ingila a farkon 1364, ya rasu a Landan cikin watan Afrilu. Masu sha'awar barade suna son wannan labari, ni ma ina sonsa. Tambayata ɗaya ce: zinariya miliyan uku daga aljihun wa za ta fito? Haraji aka ɗora wa talakan Faransa, har a kan gishiri.

Na biyar: waɗanda aka bari a rana.

Dakaren da ke tafiya a ƙasa ba shi da fansa, don haka ba shi da kamu. In runduna ta karye, barde ya miƙa takobinsa a kai shi tanti, dakare kuwa a bi shi da sara. Maharbi ya fi kowa shan ƙiyayya, don kibiyarsa ba ta tambayar asali. A 1139 babban taron coci a Rum ya haramta amfani da maharba a kan Kiristoci. A kan wanda ba Kirista ba kuwa, ba a ce komai ba.

Manomi fa? Dabarar yaƙi mafi yawa a rikicin Ingila da Faransa ba arangama ba ce, hari ne: a ratsa ƙasar abokin gaba ana ƙone ƙauyuka da rumbuna, a kore dabbobi, don a nuna sarkinsu ya kasa kare su. Baƙin Yariman nan mai hidimar abinci, shekara guda kafin Poitiers, haka ya yi daga Bordeaux har Narbonne. A 1370 ya ci garin Limoges da ya juya masa baya. Marubuci Froissart ya ce an kashe fiye da mutum 3,000, masana na yanzu suna ganin adadin ya fi kusa da 300. Amma ku saurari yadda Froissart ya ba da labarin. Ya ce Yarima, yana rashin lafiya ana ɗauke da shi, mata da yara na durƙuso suna roƙo bai kula ba. Sai ya iso inda wasu baraden Faransa uku suka jingina da bango suna faɗa da bajinta. Ya tsaya kallo, zuciyarsa ta yi sanyi, aka karɓi miƙa wuyansu. Kukan yara bai sauko da shi ba, iya riƙon takobi ya sauko da shi.

A 1358 manoman arewacin Faris suka yi bore. Charles, Sarkin Navarre, ya gayyaci shugabansu Guillaume Cale zaman sulhu. Cale ya zo ba tare da neman jingina ba, yana zaton alkawarin basarake alkawari ne. Aka kama shi, aka azabtar, aka fille masa kai, sannan aka afka wa mutanensa. A idon barade ba a ci amana ba, don alkawari tsakanin tsara yake. Kun tuna dokar 1186? Ga 'ya'yanta nan. Ko Charny, mai littafin jarumta, ya taɓa ƙoƙarin sayen garin Calais da toshiyar baki a ƙarshen 1349. Wanda ya yi cinikin da shi, Aimeric na Pavia, ya tona asiri, aka kama Charny. Da ya fanshi kansa sai ya farauto mutumin a 1352 ya sa aka yi gunduwa-gunduwa da shi a Saint-Omer. Shi dai Charny ɗin ne ya mutu a Poitiers rungume da tutar sarkinsa, bai sake ta ba.

Game da mata, 'yan'uwana da ke wancan ɓangaren, ga abin da ya samu. Mawaƙa irin su Chrétien de Troyes, wanda ya tsara labarin barde Lancelot don Marie ta Champagne a ƙarshen ƙarni na 12, sun koya wa barde cewa son mace mai daraja yana ƙara masa bajinta. Wannan ya gyara zaman fada, ba a raina shi ba. Amma littafin soyayya na Andreas Capellanus, na wannan zamanin, bayan ya gama koyar da lallashin 'yar sarauta, da ya zo kan 'yar manomi sai ya ba da damar a yi mata ƙarfi. Auren magajiya kuwa, kamar yadda muka gani ga Isabel, kyauta ce a hannun sarki.

A yi adalci, cikinsu akwai masu faɗar gaskiya. Wani malamin coci, Honoré Bouvet, ya rubuta wajen 1387 cewa yaƙin zamaninsa ya koma kan talaka da shanunsa, kuma wannan fashi ne, ba jarumta ba.

Na shida: da suka haɗu da Musulmi.

A Yuli 1099 'yan Salibiyya suka shiga Ƙudus suka yi wa Musulmi da Yahudawa kisan gilla. Wani jagoransu, Tancred, ya ba waɗanda suka fake a rufin Masallacin Aƙsa tutarsa alamar aminci. Washegari wasu suka hau suka karkashe su. Tancred ya fusata, an wulaƙanta tutarsa, fansa kuma ta salwanta. A Agusta 1191 Richard, wanda Marshal ya bari da rai, ya sa aka yanka fursunoni Musulmi wajen 2,700 a Akka don an yi jinkirin cika sharuɗɗa.

Mu da muka tashi da wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta hana kisan mata da yara da tsofaffi da saran itace mai 'ya'ya, mun san ladabin yaƙi ya girmi baraden Turai da ƙarnoni. Su ma sun ga wani abu. Bayan yaƙin Hiɗɗin a 1187 Salahuddin ya miƙa wa Guy, Sarkin 'yan Salibiyya na Ƙudus da ya kama, ruwan sanyi, wanda a al'ada aminci ne ga fursuna. Da Guy ya miƙa wa Reynald na Châtillon, mai tare ayari lokacin sulhu, Salahuddin ya ce ba shi ya ba shi ba, ya kuma kashe shi. Ya sa aka kashe baraden Haikali da aka kama. Da ya karɓi Ƙudus a Oktoba bai zubar da jini ba, ya yanke fansa dinari goma ga namiji, biyar ga mace. An yafe wa da yawa, wasu dubbai da suka kasa biya suka shiga bauta. Na faɗi duka biyun don kada a ce na yi son kai.

Turawa suka rasa yadda za su yi da maƙiyin da ya fi su cika alkawari. Sai wani mawaƙinsu, wajen 1220, ya tsara labarin cewa wai wani fursuna Bafaranshe ya koya wa Salahuddin naɗin barde, da wanka da fararen kaya da komai. Wato tunda yana da hali, dole nasu ne! Mawaƙin Italiya Dante ma ya ware masa wuri a waƙarsa cikin mutanen kirki da ba Kiristoci ba. Daga wancan ɓangaren kuma, Usama bn Munƙiz, basaraken Shaizar a Sham, ya rubuta cewa baraden Haikali abokansa ne, sukan ware masa wurin salla a Aƙsa. Wata rana wani sabon zuwa daga Turai ya cafke shi yana juya shi gabas, su suka janye mutumin suka ba Usama haƙuri. Mahayi ya gane mahayi ko da addini ya raba su. Wannan ma yana ƙarfafa maganata: da'irar ta masu doki ce.

Na bakwai, a taƙaice, don na ga shugaba ya fara duban agogo: yadda abin ya watse.

Waɗanda ba sa cikin tsarin su suka rusa shi. A Courtrai, 1302, masaƙa da sauran masu sana'a na Flanders suka tsaya a ƙasa bayan ramuka, suka ƙi kama kowa. Suka tattara kaimin zinariya wajen 500 daga gawarwakin baraden Faransa suka rataye a coci. A Agincourt, 25 ga Oktoba 1415, maharban Ingila suka yi aikin, manya suka kama fursunoni, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Da Sarki Henry na V ya ji tsoron sabon hari ya ce a kashe fursunonin, baradensa suka noƙe, sai maharba ya tura. A 1445 Sarkin Faransa Charles na VII ya kafa rundunar dindindin mai albashi, wadda ke bin umarni maimakon neman suna. A 1524 harsashin bindiga ya kashe barde Bayard, wanda Faransawa ke yi wa kirari da marar tsoro marar aibi. Abin mamaki, a daidai lokacin da amfanin barde ke raguwa ne adonsa ya ƙaru: ƙungiyar barade ta Garter da Sarki Edward na III ya kafa a 1348 tana nan, Sarkin Ingila na naɗa mutane cikinta har gobe. Zuwa 1605, da marubuci Cervantes ya fitar da littafin Don Quixote, barde mai yawon neman wanda zai ceta ya riga ya zama abin dariya a Sifen.

Mai girma shugaba, a nan zan dasa aya.   Na san a cikin malaman tarihi da ke nan akwai waɗanda ba za su yarda da ni a kan maganar fansa ba, kuma ina ɗokin jin ta bakinsu. Wanda ke da tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bismillah, fili naku ne.